Warin Jirgin Mista Buford

Tun ranar da Lonnie Tackett ya jawo jirgin ruwan nan a bayan a-kori-kurarsa ya tura shi garejin gidansu, matarsa Earlene ta daina buɗe tagar kicin.

"Lonnie Ray," in ji ta, don sai ranta ya ɓaci take haɗa masa sunayen biyu, "ka tabbata an binne mutumin nan kuwa? Ko dai ɗora maka shi aka yi a kan cinikin?"

Wari ne mai naci. Lonnie ya wanke kafet sau uku, ya zuba bilic a tankunan nan biyu da ake ajiye kifi da ransu, ya kwashe kwalaben da marigayin yake tofa yawun taba a ciki, har guda shida a ƙarƙashin kujerar direba. Duk a banza. Da rana ta take, sai warin ya taso daga ramin ƙasan jirgin inda ruwa ke taruwa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga gida.

Amma jirgin Mista Buford Sims ne, kuma a wurin Lonnie wannan ya wanke komai. Sau tara mutumin yana cinye gasar kamun kifin bas ta ƙungiyarsu. Shekara biyu ke nan da ya yanke jiki ya faɗi kusa da jirgin, wata Juma'a da yamma, ana gobe gasa. Lonnie na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. Asabar mai zuwa za a yi gasar tunawa da shi, kuma Lonnie ne zai fara fita tafki a cikin wannan jirgi, sauran su biyo baya.

A kan mutumin nan ne ma ya rabu da yayansa Odell. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ana tsakiyar auna kifi, Odell ya miƙe a gaban kowa ya ce kifin Mista Buford ba na ranar ba ne, sun koɗe, bakunansu sun goge irin na kifin da ya kwana a tsare. Aka buɗe kowane murfi na jirgin, kamar yadda ake yi kullum kafin a saki jirage, ba a ga komai ba. Ƙungiya ta zauna, aka ce duk wanda ya yarda a kori Odell ya ɗaga hannu. Lonnie ya ɗaga nasa. Tun daga ranar, gaisuwar bakin coci ce kawai tsakaninsu, ita ma da kai ake yin ta.

To, abu biyu ne suka hana shi sakat a wannan safiya. Famfon da ke kwashe ruwa daga ramin ƙasa ya mutu, ƙofar ramin kuwa, ko wane mugu ne ya zana ta oho, hannu ɗaya take ɗauka, shi ma iyakarsa gwiwa. Sannan sabon injin gaba da ya sayo, ƙaramin nan mara ƙara da ake lallaɓa kifi da shi, batir uku yake ci, wurin kuma biyu ya ɗauka da ƙyar. Babu makawa sai an yanka daɓen jirgin an faɗaɗa.

Ya ciro batiran. Ƙarƙashinsu ruwan batir ya cinye katako har ya koma kamar jiƙaƙƙen burodi. Wayoyi sun sarƙe, an nannaɗe su da salatif da ya narke yana manne wa yatsa. Ɓeraye sun yi gida a cikin soso, sun haihu, sun bar shaida. Tir. Mutum da kofi tara a falo, amma bai taɓa sa tsumma a nan ba.

Ya ɗauko abin awo. Daga waje, bayan jirgin ƙafa huɗu da rabi ne. Daga ciki, a ƙafa uku ya ci karo da bango. Ya sake aunawa, ƙafa ɗaya da rabi ta yi ɓatan dabo. Bangon ma ba na kamfani ba ne, katako ne da aka shafa wa fenti iri ɗaya da jikin jirgin, kuma shi kaɗai ne aikin da aka yi da kula a duk wurin. Lonnie har murmushi ya yi, ya ce ga mazaunin batir na uku.

Da haƙoran zarton lantarki suka huda katakon suka taɓa abin da ke bayansa, wani baƙin ruwa mai kauri ya tsartu ya sami gaban rigarsa. Bai san lokacin da ya diro daga jirgin ba. Da rarrafe ya fita, ya amayar da ƙwai da faten masarar da ya karya da su a kan ciyawar Earlene.

Ya ɗaure hancinsa da tsumma ya koma. Tankin roba ne dogo, kwance a bayan katakon. An jawo masa siririn tiyo daga famfon tankunan kifi don ruwa ya riƙa zagayawa. Murfinsa yana ƙarƙashin gindin kujerar baya, sai an kwance noti huɗu ake ganinsa. Wa zai ce wa dattijo mai kofi tara ya kwance kujerarsa a gaban jama'a?

Ya kwance tankin ya ja shi tsakar gida, ya buɗe, ya tona da sanda. Baƙin taɓo ne da ƙaya da tsutsotsin da su ma suka daɗe da mutuwa. Sai kawunan kifi. Ya jera su a bakin murfin, manya-manya, guda biyar. Biyar ne iyakar abin da mutum zai kai sikeli ranar gasa. Ashe Mista Buford ya gama kamun Asabar tun ranar Juma'a, mutuwa ce kawai ba ta bar shi ya karɓi tafi ba.

Earlene ta fito da tawul a hanci, ta leƙa. "Mene ne wannan kuma?"

"Kofi na goma," in ji Lonnie.

Ta dube shi, ta dubi kawunan. "Ka ƙona rigar nan," ta ce. "Sauran kuma ka san inda za ka kai."

Ya sani. Ya kuma san akwai rami a bayan shinge, da shebur a gareji. In ya binne, batir na uku ya shiga wurinsa daidai, Asabar ya fita gaban jirage arba'in ana ɗaga masa hula. Ya tsaya yana wannan tunani har na minti guda, kuma wannan mintin ya fi tankin ƙazanta. Sannan ya ɗora tankin da kawunan a bayan mota ya nufi gidan yayansa.

Ya tarar da Odell a gindin bishiya a ƙofar gidansa, yana feɗe tarwaɗar da ya kamo daga bakin gaɓa, don tun da aka kore shi ya sayar da jirginsa.

"Yaya."

Odell bai ɗago ba. "Wa ya mutu?"

"Babu kowa. Zo ka ga wani abu."

"Tun kana kwanar titi abin ya gaishe ni." Ya goge wuƙarsa a wando, ya zo bayan motar yana jan ƙafa. Ya dubi tiyon, ya dubi murfin, ya bi kawunan da ido ɗaya bayan ɗaya. "Ƙarƙashin kujerar baya?"

"Nan ne."

"Na ce a kwance kujerar nan. Ka tuna wanda ya ce ya isa haka, kar a ci mutuncin dattijo?"

Lonnie ya tuna. Shi ne ya faɗa, da ƙarfi kuma, don Mista Buford ya ji.

"Yaya, kai ne mai gaskiya. Na zo ne in ce maka..."

"Na san ni ne mai gaskiya, Lonnie, ba yau na sani ba. Ba hancina ne ke buƙatar wannan ba. Alhamis kuna da taro, ko? Ka kai shi can, ka ɗora a kan teburin da suka jingina hoton Mista Buford, ka buɗe." Ya nuna hannun daman Lonnie da tsinin wuƙa. "Da wannan hannun za ka buɗe."

"Matarsa za ta zo taron, Yaya. Mis Verna ce za ta kawo kek. Ba wanda zai sake yi mini magana a garin nan."

"Haka ne. Ana sabawa. A coci ma sai ka samu benci guda kai kaɗai, ka miƙe ƙafa."

Odell ya koma wurin tarwaɗarsa ya zauna. Lonnie ya mayar da kawunan ciki da hannunsa, don ya baro sandar a gida, ya rufe murfin. Har ya buɗe ƙofar mota ya ji muryar yayansa a bayansa.

"Kuma kar ka wanke shi. Ka bar shi a rana har Alhamis."

Lonnie ya saki ƙofar, ya sake hawa bayan motar. Tankin yana lungun da inuwa ta rufe. Ya kama shi da hannu biyu ya jawo shi tsakiya, inda ranar take duka.