Jemar da Ke Cikin Bokiti

Shekara goma sha tara ke nan da injiniyan ya shafe tsakar gidan mahaifinsu da siminti. Tun daga lokacin, duk ruwan da ya sauko daga kwanon rufi sai ya gangara ya kwanta a gindin ɗakin yayarsa. Bangon ya yi baƙi har gwiwa, bana kuma ya tsage. Shi ne ya karkatar da gangaren da gangan, don ruwa ya kauce wa garejinsa, amma kowace damina yakan ɗora laifin a kan magudanar titi.

Da ya yi ritaya sai ya fasa simintin tsakiya, ya haƙa rami mai faɗi marar zurfi, domin ruwa ya taru ƙasa ta shanye. Bara ya cika shi da furannin ƙasashen waje. Kwana uku cikin ruwa suka ruɓe, ramin ya tumbatsa, ruwan ya bi tsohuwar hanyarsa.

"Ranka ya daɗe, ba fure kake nema ba," in ji mai sayar da shuke-shuke da ya je wurinsa bana. "Ciyawar ƙasar nan kake so, mai jure ambaliya da fari, mai doguwar saiwa da za ta huda ƙasa. Gamba a baki-baki, jema a tsakiya. Gamba ko a gefen hanya ka samu. Jema kam ba ni da ita. Wa zai sayi ciyawa?"

Injiniyan ya juya ya kama hanyar gida. A daidai inda ramin yake mahaifiyarsu ta yi renon jema, shi kuma ya sa leburori suka tumɓuke ta.

Ya tarar da yayar tana janye gadonta daga jikin bango, ga hadari yana haɗuwa.

"Auta, aikinka ka zo dubawa?"

"Yaya, jema nake nema."

"Jema? Ba kai ka ce maɓoyar macizai ce ba? Injiniya guda!"

Ta ja shi bayan ɗakin. A cikin wani tsohon bokitin fenti jema ta yi cunkus, saiwoyinta sun fasa gindin.

"Ranar da aka tumɓuke jemar Inna, na tsinto wannan a shara."

Ya dubi bokitin, sannan ya dube ta.

"Ba magudanar titi ba ce, Yaya. Ni na juya gangaren. Saboda mota."

"Na sani. Ina tsaye a taga kana ɗora ma'auninka. Jira nake in ga wanda zai riga, bakinka ko bangon." Ta miƙa masa wuƙa. "Raba ta gida shida, ka dasa inda ruwa ke kwana. Kuma kada ka jera mini su kamar sojoji, Inna ba da igiya ta shuka ba."

Ya durƙusa a cikin ramin yana dasawa, gwiwoyinsa na ƙara, har yayyafi ya fara. Ya san saiwar ba za ta kama ƙasa sosai ba sai baɗi, bangon kuwa ba zai jira baɗi ba. Da ya binne ta ƙarshe, sai ya fitar da motar zuwa titi, ya ɗauko guduma, ya fara fasa tudun simintin da ke ƙofar garejin, wanda ke kora ruwa zuwa ɗakin yayar.