Shuwakar Dawuda

Dawuda ɗan Kusada ne, kuma tun kafin ya yi gemu yake kuku a gidan Baturen gona da ke Kankia. In ya gasa zabo, har masu kai auduga awo sukan rage tafiya a bakin shinge don ƙamshi. Ya san da haka, kuma ba ya ɓoyewa.

Ana nan sai matar Baturen ta iso daga ƙasarsu da wata al'ada da ba a taɓa ji ba. Wai azumi take yi, amma azumin da ake sha da rana tsaka. Ba ta cin duk abin da ya ga wuta. Ɗanyen ganye za a daka, a tace, a zuba mata a tambulan ta shanye. Dawuda ya soya, ya gasa, ya dafa, faranti ya riƙa dawowa yadda ya tafi. A bayan idonta ya raɗa mata suna Akuya.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne Jaji, gadinan da ke kula da lambun gidan, mutumin Tafashiya, wanda a da ko ƙofar kicin ba ya takawa sai an kira shi ɗaukar toka. Yanzu shi ke tsinko zogale da alayyafo da lansir, ya daka a turmi, ya matsa lemun tsami. Har an ɗinka masa farar riga. Kullum da hantsi sai ka ji uwargida na kiran "Jaji", sunan Dawuda kuwa ya yi kwantai. Kishi ya ci shi har ya rame.

Sai labari ya zo cewa za a mayar da Bature Zariya, kuma mutum ɗaya zai tafi da shi cikin ma'aikatan gidan. Dawuda ya daɗe yana mafarkin Zariya.

Wata safiya Jaji ya bar turmi ya tafi rijiya. Dawuda ya zaro ƙullin shuwaka daga aljihu, wadda ya tsinko a bayan masallaci. Duk mai girki ya san sai an wanke ta an sake wankewa kafin ta ciwu. Shi ko ruwa bai nuna mata ba, ya tura ta ƙarƙashin zogale ya koma kicin yana kasa kunne, yana jiran ƙarar fashewar tambulan.

Shiru. Can sai ga Jaji yana washe baki.

"Yaya Dawuda, yau hwa ta ce ba ta taɓa shan mai daɗin wanga ba. Wai ɗacin shi ne maganin."

Dawuda ya ce a ransa bai sa da yawa ba ne. Washegari ya ninka. Ta shanye har da neman ƙari. Ya sake ninkawa, ta ba Jaji tsohuwar hular mijinta. Hassada ga mai rabo taki, amma Dawuda bai daina ba, don ya riga ya yi nisa.

Ranar da ake ɗaure kaya, Bature ya tara su a baranda. Yana jin Hausa sarai. Ya ce uwargida ta zaɓi Jaji, saboda wannan haɗi mai ɗaci da babu wanda ya iya sai shi. Dawuda kuma zai zauna ya yi wa sabon Bature girki.

Da ya yi shiru da ya tsira da murhunsa. Amma ya dubi Jaji cikin farar riga da hular Bature, yana sunkuyar da kai kamar shi ya yi aikin, sai zuciya ta ɗebe shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

"Ranka ya daɗe, mi Jaji ya sani? Ni na ka zuba shuwakar nan. Ni, da hannuna, in ya tahi rijiya."

Bature ya cire tabarau ya dube shi.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

"Jaji ya sani?"

"Bai sani ba."

"To, don me kake zuba abu a ɓoye cikin abin shan matata?"

Bature ya ce mutumin da ke yin haka ba zai bar wa wani Bature shi a kicin ba, ya tattara nasa ya nasa ya koma Kusada.

Dawuda na naɗe wuƙaƙensa a tsumma sai Jaji ya leƙo, ya tsaya daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba a da.

"Yaya Dawuda, ka yi haƙuri. Uwargida ta ce kahin ka tahi ka nuna mani inda kake tsinko ta."

Dawuda ya ɗauki ƙunshinsa ya wuce gaba, Jaji na biye da shi da kwando.