Sunan Ɗan Fari

"Kupe!" Nazir ya daka tsawa a tsai da ɗauka, ya kwance rawanin da aka ɗaure masa ido da shi ya yar a ƙasa. Abokinsa Imrana ya sauke kamara daga kafaɗa. Tun hantsi suke ɗaukar wuri guda na filim cikin lambunan albasa na fadamar Buza, ga la'asar ta yi sakaliya, kuma kalma ɗaya tak ta gagare su.

"Inna, suna ne fa," in ji Nazir, yana haɗiye fushi. "Sunana. Ki kira shi da ƙarhi, shi ke nan, kowa shi tahi gida."

Inna Cima, mahaifiyarsa, ta gyara mayafi, ta dubi ƙasa. "To, ba komi. A sake."

Ba komi! Da Nazir zai samu dama, da ya kama maganar nan ya shaƙe ta. Abin haushin ma, ita ce sunan filim ɗin da yake yi.

Asalinsa filim ɗin ubansa ne, marigayi Alƙasim, wanda ya yi shi a kaset tun Nazir na ɗan yaro. An kalle shi a gidajen bidiyo daga Madawa har Keita, kuma har yau akwai tsofaffin da ke cewa ya hana su barci. Babu aljani a ciki, babu jini. Baƙo ne kawai ya sauka wani gida ya roƙi ruwa. Aka ba shi. Ya roƙi tabarma, sannan ɗakin maigida, sannan ragon layya, yana murmushi yana godiya, su kuma suna cewa ba komi, cikinsu na ƙuna. Daga ƙarshe ya ce a ara masa ɗansu ya raka shi. Ya ɗaure wa yaron ido ya tafi da shi, uwar tana tsaye tana kallo, kunya ta hana ta buɗe baki. A nan kaset ɗin yake ƙarewa.

Nazir ne yaron, Inna Cima ce uwar, a wancan da kuma wannan. Da ya tashi sake filim ɗin, abu biyu ya canza. Ɗan ya zama magidanci, sannan a ƙarshe uwar za ta kira sunansa, ya fizge hannunsa ya dawo. Ya ce mutane sun gaji da ganin kunya tana cin gida har ƙurmus, a nuna musu ranar da wani ya ce a'a.

To, ga inda aka yi tuntuɓe: Nazir ɗan fari ne. Tun da aka raɗa masa suna, Inna Cima ba ta taɓa furta shi ba, kamar yadda uwarta ba ta taɓa furta na yayarta ba. Yana ƙarami "yaron nan" ne. Ya girma ya zama "wannan". Ya yi aure ya zama "mijin Sakina", aka yi haihuwa ya zama "baban Rufaida". Ƙannensa kuwa tana kwaɗa musu kira har maƙwabta su ji.

Imrana ya matso ya rage murya. "Don Allah mu sa ma ɗan wani suna. Mu ce Bashir. Ai za ta iya."

"A cikin na Baba sunana aka sa."

"Wa ya tuna? Batir ya kusa mutuwa, kuma gobe da sahe mai kamara ke son abinshi a Tawa."

Gaskiya Imrana ya faɗa, Nazir ma ya sani. Amma ya kafe. Ba zai iya gaya wa abokinsa ba cewa, da gemunsa da ɗiyarsa, abin da yake so a duniya shi ne ya ji yadda sunansa ke fita daga bakin uwarsa. Sau ɗaya kawai. Ya sha alwashin ko ta hanyar filim ne sai ya ji, kuma shi ya sa ya lallaɓa ta har ta yarda ta fito.

Ya koma gare ta ya durƙusa. "Inna, ba ke ce kike kira ba. Matar cikin filim ce."

"Na gane."

"To mi ya hana?"

"Yana zowa har nan," ta taɓa maƙogwaronta, "sai shi tsaya. Ga mutane. Ga baban naka Maiguwa tsaye."

Baba Maiguwa, aminin marigayi, shi ne baƙon a kaset na farko, shi ne kuma a wannan. Nazir ya so ya sa wani, don tsohon yanar ido ta cinye masa gani, duk Buza an sani. In yana zuba shayi rabi a kofi yake sauka rabi a tabarma, a kawar da kai kamar ba a gani ba. Amma ranar da ya zo da sandarsa ya ce, "Na ji za ka tada aikin abokina, ga ni," me Nazir zai ce? Ya ce madalla, Baba. Shi mai yaƙi da kunya ke nan.

Nazir ya miƙe ya dubi mutanensa: Imrana, da matarsa Sakina mai riƙe da sandar mikiro ta ɗaukar murya, da masu lambu da suka bar ban-ruwa suka zo kallo.

"Wannan ita ce ta ƙarshe," ya ce cikin takaici. "Duk wanda ya buɗe baki in ba Inna ba, wallahi ni da shi har abada. Ko tari kada in ji. Ke kuma Inna, ki sani, ba ni tsayawa sai na ji sunana. Ko Madawa zan kai a ƙasa, tahiya zan yi."

Aka ɗaure masa ido. Baba Maiguwa ya kama hannunsa na dama. Hanyar ba wuya gare ta ba: su bi tsakanin fangulan albasa su nufi wata aduwa. Can gefen hagu akwai tsohuwar rijiyar lambu marar baki da mai ita ya bari, amma tana nesa da hanya, duk yinin nan ba wanda ya damu da ita. Abin da ba a lura ba shi ne rana ta sauko, ta tsaya daidai cikin idon tsoho.

Suka kama tafiya. Nazir ba ya ganin komai sai jan haske ta cikin rawani. Yana jin numfashin Baba Maiguwa, yana jin injin ban-ruwa can nesa. Daga wajen Inna kuwa, shiru. Ya ciji leɓe. Za ta sake yi masa ke nan.

Sai ya ji ƙasa ta sauya ƙarƙashin takalminsa, ganyen albasa na karyewa. Ya ce a ransa tsohon ya ɗan kauce, ba komi, a hoto ba za a gane ba.

"Kai!"

Muryar Inna ce.

"Kai, wannan! Tsaya!"

Tsigar jikinsa ta tashi. Bai taɓa jin ta da irin wannan murya ba, tsoro tsantsa, kamar ana zare mata rai. Allahu akbar, ashe ta iya! Saura sunan kawai. Faɗi, Inna, faɗi mana!

"Mijin Sakina! Baban Rufaida! Don girman Allah ka tsaya!"

Baba Maiguwa ya sassauta, yana neman tsayawa. Haushi ya turnuƙe Nazir. Ga shi a bakinta, ta ƙi! Komai ta kira shi da shi a duniya ban da abu guda. To, bari ta gani. Ya fizgi hannun tsohon ya ƙara sauri.

Ƙafarsa ta hagu ta taka iska.

Rijiyar ba ta da ruwa sosai, laka ce da duwatsun da suka zubo daga gefe. Ya ji ƙashin cinyarsa ya ba da sauti kamar an karya karan dawa. Ya kasa ko ihu. Rawanin ya zame, ya ga ɗan da'irar sama, sannan kan uwarsa ya rufe ta, ba mayafi, ba ɗankwali.

"Naziru! Naziru! Wayyo ni, Naziruna!"

Ta yi ta faɗa ba tsayawa, rijiya na maimaita mata. Yana kwance cikin laka, azaba na neman ɗauke masa hankali, amma ya buɗe kunne yana saurare. Ashe haka take faɗinsa, da jan ƙarshen. Hawaye suka zubo masa, kuma ba na karayar ba ne.

A gidan likita na Madawa aka ɗaure ƙafar. Likita ya ce za ta haɗu, amma ɗingishi ya zauna ke nan. Washegari Imrana ya zo, ya tsaya bakin gado yana murza hula.

"Ka ga mun kauce?" Nazir ya tambaye shi.

"Na gani."

"Sakina hwa?"

"Ta gani. Kowa ya gani. Kai ka ce kada a yi magana. Kuma ta yaya zan ce ma Baba Maiguwa gaban jama'a ba shi gani? Na ɗauka zai gyara da kanshi."

Nazir ya rufe ido. Ji yake kamar ya tashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya da mari, ya fara da kansa. "To nuna min abin da ka ɗauka."

Imrana ya miƙa masa salula, inda ya kwafe daga katin kamara kafin ta koma Tawa. Hoton ya yi kyau, har ya fi na ubansa ban tsoro: tsoho na murmushi, yana jan mutum zuwa rami, jama'a tsaitsaye sun zuba ido. Ga muryar Inna, wannan, mijin Sakina, baban Rufaida. Sai ya ga kansa ya ɓace. Hoto ya karkata, sama, ƙasa, duhu.

"Sauran hwa?"

"Yar da kamarar na yi na sheƙo. Ta mutu nan take."

Nazir ya mayar baya ya sake kallo, ya manna salular a kunne. Sunan babu shi.

Ana haka Baba Maiguwa ya shigo, ana riƙe da hannunsa, yana kuka kamar yaro. "Ɗana, ni na jawo maka. Ka yahe min."

Nazir ya buɗe baki, cikinsa fal da magana, sai ya ji kansa yana cewa, "Haba Baba, ba komi."

Da suka fita, Inna Cima ta shigo da kwanon kunu, mayafinta daidai, idonta a kumbure. Ta zauna can ƙarshen gado, ta ɗora hannu a kan ƙafarsa mai lafiya. Ba kowa a ɗakin sai su biyu da Sakina.

"Inna," ya ce a hankali, "mi kika ce jiya bakin rijiya? Ban ji da kyau ba."

Ta buɗe baki. Ya ga maƙogwaronta ya motsa, ya riƙe numfashi yana jira. Sai ta juya ta miƙa wa Sakina kwanon.

"Ungo," ta ce, "ba wannan shi sha tun da zahi."