Katin Rangwamen Naziru

Shekara goma sha ɗaya ina gadi a Ikeja, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne duk wanda ba ya iya haɗa ido da maigadi, akwai abin da ya taka. Kada kowa ya kawo mini maganar kyautata zato. Ba kyautata zato ake biya na in yi ba.

A babban kantin da nake aiki, kowane ma'aikaci yana da katin rangwame. Ana rage masa kashi goma cikin ɗari a kan abinci da sabulu da man shafawa. Ban da sigari, ban da kayan lantarki, ban da abin da an riga an karya farashinsa. Doka mafi zafi kuwa, kayan na cikin gidanka ne kai kaɗai. Ka sayar ko ka saya wa wani, a bakin aikinka.

Saura mako biyu azumin shekara ta 2000 na fara lura da Naziru, wani saurayi mai jera kaya a kanta. Da can yaron nan har zama yake a bencina muna hirar ƙwallo. Kwatsam ya canza. In ya hango ni sai ya sunkuyar da kai, ya gaishe ni can ƙasa-ƙasa, ya wuce sumsum kamar kazar da ruwa ya daka. In da hali ma ta ƙofar baya yake bi. Na ce to, ruwa ba ya tsami banza.

Sai na sa ido a kan ledojinsa. Litinin katon ɗin sukari. Laraba madarar gwangwani dozin biyu. Juma'a ganyen shayi da gero da man gyaɗa. Tuzurun da su huɗu suke kwana a ɗaki ɗaya a Agege, ko tukunya ba su da ita, me zai yi da katon ɗin sukari? Raina ya ba ni masu shayin Iyana Ipaja yake kai wa. Abin ya ƙona mini rai, domin in ta fashe cewa za a yi Bahaushe ya rufa wa Bahaushe asiri, a haɗa da ni a kora. Na je na gaya wa manaja.

Manajan Bayarabe ne, ba shi da mugunta, amma ba ya wasa da doka. Ya kira Naziru ofis, ni ina tsaye a bakin ƙofa.

"Wa ka saya wa kayan nan?" in ji manaja.

"Oga, wallahi ban sayar ba."

"Na gidanka ne?"

Naziru ya ce, "Na wani gida ne."

"Wane gida? Faɗi suna, in ga ko akwai abin da zan iya yi."

Yaron ya ɗan saci kallona, ya mayar da kai ƙasa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Sau uku manaja yana tambaya, yaron ya ƙi faɗin sunan gidan. A zuciyata na ce ɓarawo ai ba ya tona abokin cinikinsa. Manaja ya sallame shi nan take, ya ce in karɓi katin in raka shi waje. A bakin ƙofa har ya rusuna ya ce mini, "Baba, sai anjima." Na juya masa baya na koma bencina.

La'asar sakaliya na sauka daga danfo, motar haya, a Agege. Ina shiga gida na tarar da ƙanena Idi zaune a tabarma, matata Fatu tana ta murmushi, ga kaya jibge a tsakar ɗaki: sukari, madara, gero, man gyaɗa.

"Yaya, kayan azumi ne daga gidan masu neman Badiyya," in ji Idi.

Badiyya 'yata ce ta fari. Ko sunanta ba na kira, balle in tsoma baki a zancen aurenta. Tun farko na bar wa Idi komai, na ce duk abin da ya yanke ya yi.

"Wane ne yaron?" na tambaya.

Fatu ta yi dariya. "Ji Malam da wata tambaya! Naziru mana, na wurin aikinku. Ai ya ce tun da aka fara maganar ya kasa haɗa ido da kai."

"Yaro mai kunya," Idi ya ce. "Kuma ni abin da ya sa na amsa musu, har na sa rana bayan sallah, yana da tsayayyen aiki. A Legas ɗin nan wa zai ba da 'ya ga wanda ba shi da albashi?"

Na zauna a bakin gado ban cire takalmi ba. Katin yana cikin aljihun rigata.