Duwatsu Uku a Bakin Rafin Hagu

Ni da ƙanena Arlis mun yi shekara arba'in muna hawan dutse kamun kifin tirawut duk Asabar ɗin farko ta Afrilu. Rafinmu ƙarami ne, mutum biyu ba sa jefa ƙugiya a gurbi ɗaya. Wanda ya yi gaba sai ya ɗora duwatsu uku a inda ya shiga ruwa, na baya ya gani ya san inda ɗan'uwansa yake.

Bara Arlis ya riga ni zuwa gurbin da na fi so, ya kwashe kifin tas, ya wuce. Ni kuwa zuciya gare ni, kowa ya shaida. Da na isa inda rafin ya rabu biyu, na ga duwatsunsa a bakin na hagu, wanda ba ma bi saboda santsi. Na sa ƙafa na watsar da su, na koma gida. Bai dawo ba. Da masu nema suka tambaye ni ko na ga alamarsa, kunya ta sa na ce ban gani ba. Ni ma na ɗauka ruwan narkewar ƙanƙara ne ya tafi da shi. Mako guda aka yi ana neman sa can gangare.

Bana da na zo wucewa ta gidan Arlis, na tarar da matarsa Nelda a baranda tana wanke albasar daji.

"Yaya Hobart, da wannan gwiwar taka za ka hau dutse? Kifin ma dariya zai yi maka."

"Ke dai ki ɗora kasko."

"Na ɗora." Ta ajiye albasar. "In ka ga ko hularsa ce, ka kawo min. Ina son in sami abin da zan binne."

Da hantsi na isa mararrabar. Duwatsu uku na nan a ɗore a bakin rafin hagu, a jiƙe, ruwa na ɗiga daga na saman, alhali dutsen da ke ƙarƙashinsu ya bushe da rana. Babu sawu a yashi sai nawa.

"Wane ɗan iska ne wannan?" na ce da ƙarfi. Tsoro ya kama ni ƙwarai, amma na bi.

A gurbi na gaba, wasu ukun. A na gabansa ma haka. Kifi na ta tsalle a gabana, ban ko kwance ƙugiya ba. Haka na yi ta rarrafe a kan santsi har gindin wani kwazazzabo.

Ashe ruwa bai taɓa shi ba. Yana zaune a kan tudu, ya jingina da bishiya, ƙasusuwa cikin rigarsa mai jan zane. Ya karya sandar kamun kifinsa biyu ya ɗaure ƙafar dama da ita. Kusa da shi ga tokar wuta, ga ƙayar kifi tari guda, ba cin yini ɗaya ba, ba na biyu ba. Fuskarsa na kallon hanyar da na fito.

Na cire rigata na lulluɓe shi, na gangaro. Nelda na tsaye a baranda, ta ga babu komai a hannuna.

"Ka same shi," ta ce. "Ya sha wahala?"

Na buɗe baki zan ce a'a. Sai na zauna a kan matakala.

"Ya jira ni, Nelda. Kuma na san rafin da ya bi tun ranar farko."