Kabewar Murja

Ranar wata Talata, shekara shida da suka wuce, na ƙone ƙudan zuman da ke cikin katangar gidanmu a Dala. Ɗaya ce ta harbe ni a fatar ido ina karatu a zaure. Tsumma da kananzir, kafin la'asar na gama da su.

Matata Murja ta fito riƙe da ludayi. "Malam, su ne fa ke yi mini aikin kabewa."

"Ƙwaro ne manominki? Shekara talatin ina koyarwa, ban ga haka a littafi ba."

Kabewar kuwa ba ta fasa ba. Duk damina sai ta hau rumfa ta yi 'ya'ya manya. Duk ranar miyar taushe sai na ce, "Ina manoman naki?" Sai ta ƙara mini miya.

Bara ta rasu. Bana na shuka ragowar irin da ta bari a kwalba, wanda ta zo da shi daga gidan mahaifiyarta. Babu wani bayansa. Ganye ya cika rumfa, fure ya buɗe, amma kowane ɗa sai ya kai girman ƙwai ya ruɓe ya faɗo. Na zargi taki, na zargi ruwan rijiya, na zargi idon maƙwabta.

Ƙanwarta Hassana ta zo gaishe ni da safe, ta ɗaga kai ta dubi rumfa.

"Yaya, wa ke ɗaura musu aure?"

"Su wa?"

Ta tsinko wani fure mai siririn wuya, ta cire masa ganye, ta goga tsinkensa a cikin wani mai ƙulli a gindi. Wani gari rawaya ya manne a ciki.

"Wannan namiji, wannan mace. A da ƙudan zuma ke kai garin. Tun da ka ƙone su, Yaya Murja ke yi da hannu, kullum kana masallacin asuba. Unguwa duk siminti, wace zuma za ta zo?"

Na zauna a kan turmi. Damina biyar. Da ciwon gwiwarta, tsaye a kan kujerar tsuguno, fure bayan fure, ni kuma ina dawowa in yi mata dariya da cokali a hannu.

Zancen zuma da fure yana cikin littafi, na duba. Shafi ɗaya ne.

Na shiga ɗaura auren da kaina. Kabewa biyu suka kama. Kullum ina tsaye a ƙarƙashinsu da fure a hannu, bakina na motsi.

Murja, ke ce da gaskiya.