Uban Alhaji Ladan

"Ka ce ƙarya ka yi," in ji Alhaji Ladan, muryarsa da ƙyar take fita. "Gaban mutanen nan, ka ce ƙarya ka yi."

Ɗan Azumi yana tsaye a ƙarshen gado, yana kaɗa makullin tasinsa a yatsa. Ni na kirawo shi, tare da dattawa biyu daga masallaci su zama shaidu, don Alhaji ne ya roƙe ni haka. Ni Hannatu, ƙofata na kallon tasa a benenmu na Greenbelt, nan Amurka, shekara goma sha ɗaya. Tun da matarsa ta rasu ni ke kai masa kunu, da asibiti suka sallamo shi ya ƙarasa a gida kuwa, ni ke juya shi.

Maganar ta shekara uku. A wajen wani suna a Lanham aka yi ta, kuma a kan kujera, wallahi kujerar roba! Alhaji ya shigo da babbar rigarsa, ya tarar da Ɗan Azumi a sahun gaba, ya ce ya tashi, nan ba wurin direbobi ba ne. Shi Alhaji mai haɗa magani ne, Ladan Galadima yake rubuta sunansa, kowa kuma ya san shi da cewa jikan Galadiman garinsu ne. Ashe garinsu ɗaya da Ɗan Azumi.

Ɗan Azumi ya dube shi daga kan kujerar ya ce, "Jikan wa? Ubanka maroƙin ƙofar Galadima ne. Na gan shi da idona yana wasa masu doki ana jefa masa kwabo."

Sai wata ta fashe da dariya daga ɓangaren mata. Ba zan ɓoye ba, ni ma na dara.

Da Alhaji ya yi shiru da ta mutu a nan. Ina! Sai ya ɗauki takardunsa ya tafi wurin lauya a Wheaton, wai zai kai ƙarar ɓata suna. Baturen ya saurare shi tsaf, ya ce, "To mene ne zagin? Mahaifinka mawaƙi ne? Ai abin alfahari ne." Alhaji da bakinsa ya ba wani labari don neman a taya shi fushi, kafin Juma'a kowa ya ji. Shi ke nan, in ya shigo taro sai ka ji wani yana ƙwanƙwasa tebur da yatsu, ƙasa-ƙasa, kamar kiɗan maroƙa. Ya daina zuwa suna, ya daina zuwa biki, har masallacin Juma'a ya canza. Ciwon daji ya zo ya same shi a ɗaki shi kaɗai.

Yanzu ga shi ƙashi da fata, idonsa a kan Ɗan Azumi.

"Alhaji, yafiya na zo nema," in ji Ɗan Azumi. "Na faɗi magana cikin fushi. Ka yafe mini, ni ma na yafe maka."

"Ba yafiyarka nake so ba. Sunana nake so."

Ɗaya daga cikin dattawan ya sunkuya ya ce a hankali, "Malam Ɗan Azumi, faɗi mana. Me zai rage ka da shi?"

Ɗan Azumi ya sa makullin a aljihu. "Haba Malam. Mutum yana bakin kabari in raka shi da ƙarya? Laifin faɗa na ɗauka. Amma abin da idona ya gani, ya gani."

Na so in kwaɗa masa kwanon kunun nan a fuska. Kalma biyu, jama'a! Mutumin da ke yi wa fasinja ƙarya kan hanya mafi kusa, yau shi ne mai tsoron Allah. Alhaji ya juya fuskarsa bango. Dattawa suka yi addu'a suka shafa, Ɗan Azumi ma ya shafa, har da cewa "Allah ya ƙara sauƙi." Ina jin sa yana amsa waya a matakala, wani ne ke son a kai shi filin jirgi.

Ranar Laraba da hantsi Alhaji ya cika. Ban sani ba ko jikan Galadima ne ko ɗan maroƙi, har yau ban tambaya ba.

Ranar sadakar uku falon ya cika maƙil, mu mata muna kicin. Ɗan Alhaji, Haidar, injiniya, haifaffen nan, yana jin Hausa amma da Turanci yake mayarwa. Bayan addu'a sai ya miƙe zai yi jawabi a kan mamaci, yadda ya ga Amurkawa na yi. Ya gode wa kowa. Ya ce babansa mutum ne mai zurfin ciki, bai taɓa ba shi labarin gida ba.

"Sai jiya wannan kawun ya gaya mini kakana mawaƙi ne," ya ce, yana nuna Ɗan Azumi, hawaye na zubo masa. "Ina alfahari da hakan. Zan sa a rubuta a dutsen kabarin Baba."

Inna lillahi! Ba wanda ya ce masa kul. Maza suka sunkuyar da kai, ina hango kafaɗun wasu suna rawa. Ɗan Azumi ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana," ya miƙa hannu ya ɗauki dabino.

Ƙarshen wata na sauko zan tafi aiki, na tarar da Edna ta ofishin gidajenmu tsaye gaban akwatunan wasiƙu, tana kankare takardar sunan Alhaji da farce. Takardar ta manne sosai, rabi ya fita, rabi ya ƙi. Ta ce bari ta je ta ɗauko wuƙa. Na tsaya a wurin da jakata a hannu har motar safe ta wuce ni.